Marinin da Ya Yi Sallama a Ƙofar Babbar Majami'a

Akwai wani mutum marini a wani ƙauye can nesa da titi, ana ce da shi Tanimu. Tun yana saurayi yake rini, har shuni ya kama hannuwansa zuwa gwiwar hannu, babu sabulun da zai iya fitar da shi. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya fashin sujada. Amma yana da rauni guda: in dai aka zo maganar launi, bai yarda akwai wanda ya fi shi sani ba. In ya tsamo zane daga rijiyar rini ya shanya, sai ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallo, sai ka ce shi ya rina sararin sama.

Majami'ar ƙauyensu ginin ƙasa ce da rufin ciyawa. Tagoginta ramuka ne guda huɗu da magini ya bari a bango don iska ta shiga. Ƙararrawarsu kuwa wani tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a reshen ɗorawa. A nan aka ɗaura auren Tanimu da matarsa Liyatu, a nan kuma suke sujada kowace Lahadi.

Wata shekara aka kira taron zumuntar mata a babban birni, Liyatu tana cikin waɗanda ikilisiya ta tura. Kwana huɗu ta yi a can. Da ta dawo, tun ba ta sauke ƙunshin kayanta ba ta fara ba mijinta labarin majami'ar da aka yi taron a ciki.

Ta ce hasumiya biyu gare ta, in ka ɗaga kai za ka ga ƙarshensu sai ɗankwalinka ya faɗi. Ta ce ƙofarta katako ne mai kauri, an sassaƙa mata kurangar inabi tun daga ƙasa har sama. A ciki kuwa ginshiƙai ne na dutse a jere kamar giginyu, sun miƙe sun je can sama sun haɗa kai. In aka ɗaga waƙa, sai muryar ta tashi ta zaga rufin sannan ta sauko. Amma duk wannan ba shi ya tsaya mata a rai ba. Abin da ya tsaya mata shi ne tagar gabas da ke bayan bagadi. An harhaɗa ta da gutsattsarin gilashi masu launi iri-iri, har suka fitar da siffar makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa.

Ta ce, “Maigida, shuɗin rigar makiyayin nan, ko za ka shekara ɗari a bakin rijiyar rini ba za ka fitar da irinsa ba.”

Maganar ta soki Tanimu. Ya ce, “Gilashi ne fa. Me gilashi ya sani game da shuɗi?”

“To, je ka gani da idonka.”

“Fuskarsa fa, yaya take?”

Liyatu kuwa, wadda ba a taɓa raba ta da abin faɗa ba, sai ta ce, “Wannan kam ba na iya faɗa maka. Ina cikin waƙa na ɗaga kai, na ga kamar ni yake kallo, sai waƙar ta ɓace mini. Sai dai mu je tare ka gani.”

Tanimu ya ce, “Bayan girbi za mu je.”

Da gaske yake yi, ba yaudara ba ce. Sai dai girbi ba ya zuwa shi kaɗai. Bayansa akwai sussuka, bayan sussuka akwai bukukuwa, kowa na kawo zane a rina masa. Kafin a ankara hadari ya taso, an koma gona. Haka shekara ta bi shekara. Liyatu ba ta gaji da tuni ba, shi ma bai gaji da alkawari ba. Har abin ya zama musu wasa. Duk ranar da ya fitar da zane mai kyau ya kira ta ta gani, sai ta karkata kai ta ce, “Ba laifi, amma da saura.” Shi kuma ya yi tsaki, ita ta yi dariya. Shekara talatin suna wannan wasa.

Ran nan cikin damina Liyatu ta kwanta ciwo, kwana shida Ubangiji ya kira ta.

Daga nan gidan ya yi wa Tanimu faɗi. In ya shanya zane sai ya juya zai kira ta, ya tuna babu mai cewa da saura. Sai a lokacin ya gane ba taga kaɗai take so ya gani ba. Akwai abin da ta gani wanda ta rasa bakin faɗa, ta ɗauke shi ita kaɗai shekara talatin, tana jira mijinta ya taya ta gani. Wannan tunani ya hana shi sakat. Kewarta da marmarin tagar suka haɗu suka zama abu guda a zuciyarsa.

Ana nan kuma idanunsa suka fara dushewa. Yana ganin gefe da gefe, amma duk abin da ya kafa wa ido, sai tsakiyarsa ta zama kamar hayaƙi. Ya je asibiti, malamin asibiti ya haska idon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Baba, ba zan ɓoye maka ba. Wannan ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, kuma gaba zai yi ta yi. In akwai abin da kake so ka gani, ka hanzarta.”

Tanimu bai jira girbi ba. Ranar Talata ya sa rigarsa ta zuwa sujada, wadda ya rina da hannunsa, ya hau motar da ke kai hatsi birni. Direban ya ce masa ranar Alhamis da rana tsaka zai juya, wanda bai zo ba kuwa sai wani makon, in hanya ba ta yanke ba.

Bai sha wuyar samun majami'ar ba, don tun daga tasha ake hango hasumiyoyinta. Da ya iso ya ɗaga kai, hularsa ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka yana murmushi, ya ce a ransa, “A nan kam ta yi gaskiya.” Ya hau matakala goma sha biyu, ya sami ƙofar a buɗe. Ya sa hannu ya shafa ta, ya ji ganyen inabi da 'ya'yansa a ƙarƙashin yatsunsa. Sai ya tuɓe takalmansa, ya ajiye su gefe, ya gyara murya ya ce, “Salama dai, masu gida.”

Ba wanda ya amsa.

To, a inda Tanimu ya fito, namiji ba ya shiga gidan wani sai ya yi sallama an amsa, an kuma ce masa ya shigo. Ko gidan ƙanensa ne, haka zai tsaya. A majami'ar ƙauyensu ma kullum akwai dattijo a bakin ƙofa yana cewa, “Maraba, shigo.” Balle wannan gida, wanda ko na hakiminsu bai kai zaurensa ba. Saboda haka ya sake yin sallama, ya ƙara ta uku. Ba abin da ya dawo masa daga ciki sai tasa muryar. Sai ya koma gefe ya zauna a kan matakala, ya ce watakila masu gidan sun fita.

Yana zaune mutane ɗaiɗai suna wucewa. Wani mai kwat ya zo ya shige kansa tsaye, ko gyaran murya bai yi ba. Tanimu ya girgiza kai, ya ce lalle wannan ɗan gida ne, in ba haka ba kuwa tarbiyyar birni sai addu'a. Wata mata ta fito ta ga tsoho da takalma a gefensa, ta ajiye masa guntun burodi ta wuce, ta ɗauka mai bara ne. Ya buɗe baki zai yi mata bayani, tuni ta yi nisa. Da rana ta yi sanyi ya tashi ya tafi gidan wani ɗan garinsu mai sayar da hatsi, ya kwana a can.

Washegari ya dawo, ya tuɓe takalma, ya yi sallama sau uku, shiru. Sai dabara ta zo masa. Ya ce, “Taga ai fuska biyu gare ta. In ba a ba ni izinin ciki ba, waje na kowa ne.” Ya bi jikin bango yana dafawa har ya zagaya gabas, ya ja da baya, ya ɗaga kai.

Ga taga nan kuwa, tsawonta kamar yadda aka faɗa. Amma baƙa ce ƙirin, kamar ruwan rini da ya gama aiki. An rufe ta da ragar waya, tattabaru sun ɓata ta. Babu makiyayi, babu tunkiya, babu shuɗi, sai waɗansu layuka na dalma da suka bi ta nan suka bi ta can ba kai ba gindi.

Ya zauna a ƙasa. Abu biyu suka zo masa a rai. Ko dai idanunsa sun riga sun mutu, ya zo a makare. Ko kuwa babu wani shuɗi tun farko, Liyatu tsokanarsa kawai take yi duk shekarun nan. Na biyun ya fi yi masa ciwo. Ya ce a hankali, “Liyatu, abin da kika ce in zo in gani ke nan?” Ranar ko burodin da aka sake ajiye masa bai iya ci ba.

Ranar Alhamis da safe ya ɗaure ƙunshinsa zai tafi tasha. Amma ƙafarsa ta ƙi, ta sake kawo shi bakin ƙofar. Ya tuɓe takalma, ya yi sallama da muryar da ta riga ta fid da rai, ya zauna.

Akwai wata mata mai share majami'ar, sunanta Afiniki, shekararta goma sha ɗaya tana wannan aiki. Ta ga tsohon tun ranar Talata, ta ɗauka fasto yake jira. Ranar nan shara ta kawo ta har bakin matakala, sai ta rusuna ta gaishe shi.

Ta ce, “Baba, kwana uku ke nan ina ganinka a nan. Wa kake jira?”

Ya ce, “Mai gidan, 'yata. Na yi sallama, ba a amsa ba.”

“Fasto kake nema? Ai ofishinsa yana baya.”

“A'a, ba na so in dame shi. Taga na zo gani, ta gabas, mai makiyayi. Mai ɗakina ce ta ba ni labarinta, ta kuwa rasu. Na zagaya na duba, ban ga komai ba. Ko dai an canja ta ne?”

Afiniki ta jingine tsintsiyarta. Ta dubi takalmansa, ta dubi ƙafafunsa a kan dutse, sai kunya ta kama ta.

Ta ce, “Baba, wannan taga ba a ganinta daga waje. Don na ciki aka yi ta. Kuma ƙofar nan da ka gani a buɗe, ba mantawa aka yi ba. Kullum da safe ake buɗe ta don duk mai so ya shiga.”

“Ko ba a amsa ba?”

“Buɗewar ita ce amsar.”

Tanimu ya ce, “A wurinmu ba haka ake yi ba. Ƙafata ba za ta iya ba.”

Sai Afiniki ta koma ta tsaya daga cikin ƙofa, ta ce, “To, sake yin sallamar, Baba.”

Ya miƙe tsaye ya ce, “Salama dai, masu gida.”

Ta ce, “Maraba, Baba. Shigo.”

Ya shiga. Sanyin daɓen dutse ya ratsa tafin ƙafarsa. Don kunya kansa a sunkuye yake, yana tafe yana dafa bencina, yana ƙirga ginshiƙai da gefen ido. Da suka kusa da bagadi sai ya ga launuka zube a ƙasa, ja da kore da ruwan zinariya, har ya ɗaga ƙafa don kada ya taka. Afiniki ta ce, “Ɗaga kanka, Baba.”

Ya ɗaga. Rana ta fito sosai a bayan tagar, ta cika ta da haske. Ga rigar makiyayin tana saukowa tun daga kafaɗa har idon sawu. Tanimu ya san shuɗi mai duhu, ya san mai haske, amma bai taɓa ganin wanda ya haɗa duhu da haske wuri guda ba. Nasa shuɗin yana zama a kan zane. Wannan kuwa yana fitowa ya zo ya same ka inda kake tsaye. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, “Ta yi gaskiya. Nawa bai kai ba.” Tun da yake bai taɓa faɗar wannan magana a kan aikin kowa ba, kuma bai ji zafin faɗarta ba.

Ya ga tunkiyar, ya ga sandar, ya ga ƙafafun makiyayin a kan duwatsu. Sannan ya kai ido inda fuskar take. Sai hayaƙin nan ya rufe wurin. Ya matsa dama, hayaƙin ya bi shi. Ya matsa hagu, ya ja da baya, ya murza ido da bakin riga, ya karkata kai ya gwada da gefen ido. Duk inda ya nufi fuskar, hayaƙin ya riga shi isa.

Ya ce, “'Yata, fuskarsa yaya take? Faɗa mini.”

Afiniki ta ɗaga kai. Rabon da ta dubi tagar nan da kyau har ta manta, don mai shara ƙasa yake kallo. Ta ce, “Baba, ban san yadda zan faɗa ba. Kai yake kallo.”

Hawaye suka zubo wa tsohon. Murna yake yi, don ya ga shuɗin, ya kuma tabbata matarsa ba ta yi masa ƙarya ba. Baƙin ciki kuma yake yi, don ya san da ya zo shekara biyar da suka wuce, da ya ga fuskar, da kuma Liyatu tana tsaye a gefensa. Ya durƙusa a wurin ya yi addu'a doguwa. Da rana ta kusa tsaka ya yi wa Afiniki godiya, ya sa takalmansa, ya kama hanyar tasha.

Kafin wata damina idanunsa sun rufe gaba ɗaya. Mutanen ƙauye sukan zo su zauna wurinsa ya ba su labarin majami'ar birni, ya kwatanta musu hasumiya da ƙofa da ginshiƙai da shuɗin rigar. Kullum sai an sami wanda zai ce, “Baba Tanimu, fuskar makiyayin fa?” Sai ya juya kansa wajen mai tambayar ya ce, “Ban gani ba tukuna.”

Ma'anar wannan misali ita ce: tagar nan alherin Ubangijinmu ne, makiyayin kuwa shi ne Mai Cetonmu da kansa. Kada wani ya fita daga nan ya ce an koya masa Allah yana birni, ba ya ƙauye. Wanda ake yi wa sujada a ƙarƙashin hasumiya shi ake yi wa a ƙarƙashin ciyawa. Gilashi gilashi ne. Abin da misalin ke nunawa shi ne, alherin Allah ba a gane shi daga waje. Mutum zai iya zagaya shi shekara da shekaru, ya ji labarinsa a bakin matarsa ko uwarsa, ya duba ya ce, “Ni ban ga komai ba.” Gaskiya ya faɗa, bai gani ba, domin a inda yake tsaye ba a gani.

Tanimu ba mugun mutum ba ne. Ba girman kai ne ya zaunar da shi a kan matakala ba, ladabi ne. Akwai irinsa da yawa a cikinmu, har da masu zuwa sujada kowace Lahadi. Jikinsu yana kan benci, zuciyarsu tana bakin ƙofa ba takalmi. Suna cewa, “Ni ban isa ba. Sai na gyara halina. Sai na ji wata murya ta kira sunana.” Ɗan'uwa, ladabinka yana da kyau a gidan maƙwabcinka. Amma mai wannan gida ya riga ya buɗe ƙofa tun kafin a haife ka, kuma da tsada ya buɗe ta. Jiran da kake yi ba ya ƙara masa girma.

Jinkiri kuma yana da farashi. Ubangiji mai haƙuri ne, ya karɓi tsohon a rana ta ƙarshe, bai mayar da shi hannu wofi ba. Amma shekarun da suka wuce ba su dawo ba, Liyatu ma ba ta dawo ba. Akwai farin cikin da aka tanadar maka yau tare da waɗanda kake ƙauna, wanda in ka ɗaga shi zuwa baɗi ba lalle ka same shi yadda yake ba.

Duk da haka kada mu yi wa tsohon kuka fiye da kima, domin a wannan duniya dukanmu haka muke. Mun ga gefen rigar, mun san tana da kyau, fuskar ce ba mu gani ba. Marmarin da kuke ji a zuciya, wanda abinci da sutura da 'ya'ya ba su kashe shi ba, ba ciwo ba ne. Shaida ce cewa akwai abin da ya rage mu gani, za mu kuwa gani.

Saura mu da muke ciki, masu shara da masu waƙa da masu wa'azi. Mun saba da gidan har mun daina ɗaga kai. Muna wuce mutane a bakin ƙofa, mu miƙa musu burodi mu ce mun yi aikin Allah, alhali ba yunwar ciki ce ta kawo su ba. Kowannenmu yana da wani da ke zaune a kan matakalarsa, a gida ko a kasuwa ko a gona, ya yi sallama har muryarsa ta dushe. Ba dogon wa'azi yake bukata ba. Kafin Lahadi mai zuwa, ka je ka rusuna ka tambaye shi wa yake jira, domin ba ka san ranar da motarsa za ta tashi ba.